Albasar Gungun Kanya

Kaduna,
14 ga Disamba, 1992.

Zuwa ga Auta Zulai'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina fata kina nan lafiya kamar yadda na baro ki. Mun iso lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura tun daga Kontagora. Yayanki da matarsa Nafisa suna gaishe ki. Likita ya duba ni ranar Alhamis, ya ce yanar ido ce a idanun duka biyu, za a fara cire ta dama farkon Janairu. Kada ki yi mamakin girman rubutuna, layin takardar ma da ƙyar nake ganinsa.

Ki karanta abin da ke tafe a tsanake, don na san halinki, a tsaye kike karanta wasiƙa.

Maganar lambun bayan gida ce. Kawunan albasa arba'in da ɗaya na binne a fangali uku. Kin san ruwan dam ya hau ya cinye mini reno, tsiron irin da na yafa, a watan Oktoba, kuma ko ƙwayar iri ba ta rage a gora ba. Waɗannan arba'in da ɗaya su kaɗai suka rage mini daga albasar Gungun Kanya. Ki ba su ruwa da safe kafin ki tafi aikinki na asibiti, da yamma in kin dawo. Da ƙwarya, ba da bokiti ba, bokiti yana tone ƙasa. Ki riƙa ɗaure ƙofar darni saboda awakin maƙwabcinmu Illo. Sauran aikin nawa ne, zan dawo kafin lokacinsa.

Na san za ki ce albasa ce kawai, ga ta nan tuli a kasuwar Wara. Waccan ruwa ce aka sa wa riga. Tamu ƙarama ce, ja har ta yi duhu, ɗaya ta ishi tukunyar miya, kuma tana kai ƙarshen damina a kan rudu, gadon karan da muke ajiye ta, ba ta ruɓe ba.

Kina da shekara biyu ruwa ya ci garinmu, ba ki san shi ba. Tsibiri ne a tsakiyar Kuwara, da wata kanya a bakin ruwa inda ake ɗaure jirage. Idan aka yi mana hutu a makarantar 'yan mata, nakan biyo mota daga Sakkwato zuwa Yelwa, kwana biyu, sannan in shiga jirgi. Kafin ki hangi kanyar, ƙamshin lawashi ya riga ya tare ki a kan ruwa. Kakarki Inna Hauwa tana tsaye a bakin gaɓa, ba ta ce mini sannu da zuwa sai ta ce, "Takalmin boko ya tsaya cikin jirgi." Haka nake sauka ƙafa ba takalmi, ta miƙo mini ƙwarya. Mata sukan jeru cikin kogi ruwa iya gwiwa, muna watsa ruwa sama ga fangaloli, ana waƙa, ana gulmar mazan da suka tafi su. Hannu ya yi sanyi, baya ya ƙage, amma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba, har koyarwar da na yi shekara talatin.

Nan gidan bene ne. Ruwa daga bango yake fitowa, ba wanda ya san inda ya taso. Ina zaune kawai kamar kayan ajiya.

Ki kiyaye salla a kan lokaci. Ban da zaman hira gidajen mutane. Ki rubuta wa mijinki duk mako. Aikin sabuwar jiha ya kai shi Birnin Kebbi, ba ta sake ki daga igiyarsa ba.

Mahaifiyarki,
Altine.

Wara,
9 ga Janairu, 1993.

Inna,

Ina gaishe ki da jiki. Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama ni, kuma ƙwaryarki ce ta jawo mini ita. A zaune na karanta wasiƙar, har sau biyu.

Albasarki ta fito kore shar, duk arba'in da ɗayan, na ƙirga. Akuyar Illo ta gwada sa'arta sau ɗaya, ta sha muciya. Mijina Abdulrahman ya zo hutun Kirsimeti, har yanzu bai sami gida a Birnin Kebbi ba, su huɗu ne a ɗaki ɗaya. Ya tarar da ni cikin taɓo ya ce ashe manomiya ya aura bai sani ba.

Akwai abin da zan faɗa miki, kada ki yi faɗa. Na je Yelwa karɓo magunguna, na ratsa kasuwa. Wata mata mai sayar da albasa ta zuba mini ido, sai ta ce, "Ke, zo nan. Ɗiyar Altine ce ke, ko?" Na ce ina ta san ni. Ta ce, "Wanga goshi ba ya ɓoyuwa. Ni na yi miki wankan farko, kina tsala ihu kamar an taka kyanwa." Inna, ƙanwarki ce, Inna Dudu. Ta tambaye ki, na ce kina Kaduna wajen ido. Ta ce, "Idon ma ya gaji da harara." Ta yi dariya, amma na ga ta goge fuska da gefen zane.

Ta cika mini leda da albasa ta hana ni taɓa jaka. Irin taki ce sak, ƙanana masu duhu. Ban taɓa tambayarki abin da ya raba ku ba. Yanzu ina tambaya.

Taki,
Auta.

Kaduna,
24 ga Janairu, 1993.

Auta,

Assalamu alaikum. Na ji batun mura, ki sha citta da kanumfari, ki bar ɗora wa ƙwarya laifi. Ni kuma an ɗaga aikin. Sun ce jinina ya hau, sai ya sauka, wataƙila tsakiyar Fabrairu. Ke nan ba zan dawo kan lokaci ba, dole in damƙa miki abin da ban yi niyya ba.

Cikin 'yan kwanakin nan kowane kai zai fitar da kara dogo daga tsakiya, da ƙullutu a samansa. KADA KI TAƁA SHI. Don shi aka binne kawunan. Zai buɗe ya yi farin fure, furen ya bushe, a cikinsa iri yake, baƙi kamar gawayi. Ki kafa wa kowanne sanda ki ɗaure saboda iska. In sun fara bushewa ki rufa musu tsohon gidan sauro don tsuntsaye. Albasa shekara biyu take: bana iri ya ba da kai, baɗi kai ya ba da iri. Wanda ya tsallake ɗaya ya rasa duka.

Batun matar da kika gani a Yelwa. Yarinya mai tarbiyya ba ta tsayawa hira a kasuwa da wanda ba ta sani ba. Amma tunda kin tambaya, kin kai ki ji.

Na girme ta da shekara goma sha uku. Ni na goye ta duk hutu. Bahaguwa ce, da hagu take watsa ruwa, kullum tana jiƙa wadda ke gefenta, kullum Inna tana buge mata hannu, ba ta daina ba. Ba ta taɓa daina komai don an ce ta daina ba.

Shekarar da za a rufe dam, aka zo aka rubuta lamba a jikin kowane ɗaki da jan fenti. Ranar tashi, maza suna ta loda gadaje da kaji a jirage, Inna ta kira mu biyu gindin kanya. Ta zazzage gorar iri a faifai, ta raba biyu da gefen hannu. Ta ce a gungunmu iri ba a sayar da shi, ba a aika shi. Mace ke zuwa da ƙwaryarta ta roƙa da bakinta, a zuba mata hannu da hannu. Ta ce, "Ga naku ba roƙo. Wadda ta bari ya mutu, ita ta nutsar da garinmu, ba ruwa ba." Dudu ce ta ƙulle mana, kowa a tsummanta.

Aka kai mu sabon gari, gidajen siminti a jere kamar barikin soja, rufin yana dafa mutum da rana. Cikin maginan da suka yi su akwai wani Kirista. Shekara ba ta zagayo ba Dudu ta bi shi, ta bi addininsa, suka koma wajen Shanga. Wata huɗu bayan haka Inna ta rasu. A gidan makoki na gaya mata abin da na gani: baƙin cikinta ne ya kashe uwarmu. Ban janye ba. Ta yi zaɓinta, na yi nawa.

Ni dai na riƙe amanar da aka ba ni. Shekara ashirin da biyar, ko mahaifinki Malam Sahabi, Allah ya jiƙansa, ya shaida ban yi wasa da ita ba. Yanzu tana hannunki.

Zan ba wani direba ɗan Wara wannan wasiƙar, ya fi gidan waya sauri.

Mahaifiyarki,
Altine.

Wara,
20 ga Fabrairu, 1993.

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da Anti Nafisa. Shiru ya yi yawa, tun ta Disamba ban ga takardarki ba. Ko fushi ne saboda Inna Dudu? Ko an yi aikin ne? Ku sanar da ni don Allah, hankalina ba a kwance yake ba.

Ga albishir, ko zai sa ki huce. Ƙarshen watan jiya albasarki ta fara fitar da wasu dogayen karare. Na ga Illo yana karye irinsu a gonarsa ta bakin ruwa, na tambaye shi dalili. Ya ce karan ne ke shanye kan, in an bar shi albasa ba ta auki a kasuwa. Ban ce masa komai ba, na dawo na bi naki ɗaya bayan ɗaya na karye. Da suka sake fitowa na sake karyewa. Ko ɗaya ban bari ba.

Jiya na tone su, don ganyen ya kwanta. Kowane kai ya rabu biyu ko uku. Na ware manya na shanya a kan rudu, sai ki binne su baɗi kamar yadda na ga kin yi bana. Sauran ga su nan cikin buhu, ku yi miyar azumi, ki ji ƙamshin gida.

Ki faɗi gaskiya, ban yi ƙoƙari ba?

Taki,
Auta.

Wara,
23 ga Fabrairu, 1993.

Inna,

Yau direban ya kawo wasiƙarki ta 24 ga Janairu. Ya ce motarsa ta lalace a Tegina, takardar ta kwana wata guda a aljihun mota. Na karanta. Na fita lambu na tone juji ko zan sami kara ɗaya da ƙullutunsa. Awaki sun cinye tun tuni.

Inna, laifina ne. Ki yafe mini.

Zulai'atu.

Kaduna,
6 ga Maris, 1993.

Zulai'atu,

Nafisa ce ke rubutawa, ni nake faɗa. An yi aikin, an ce ya yi kyau, amma an hana ni karatu da sunkuyo. Muna azumi lafiya.

Buhunki ya riga wasiƙunki shigowa ɗaki. Idona a naɗe yake, amma hancina ba a naɗe yake ba. Na ce a miƙo mini ɗaya. Na matsa, na ji ramin kara a tsakiya, na gane tun kafin a karanta mini komai. Yayanki ya ce, "Inna, kuka zai ɓata aikin likita." Na ce ba kuka nake ba, albasa ce.

Waɗanda kika shanya a rudu ba za su kai ko'ina ba. Kan da ya riga ya yi kara ba ya ajiyuwa, kafin ruwan farko sun ruɓe. Ki ci, ki ba maƙwabta.

Kin tambayi Illo game da gonarsa, ba ki tambaye shi game da tawa ba. Kalma ɗaya ta rage ki ƙara. Wannan shi ne ciwon 'yan zamaninku: rabin bayani ya ishe ku, sai ku zabura. A asibiti ma haka kike yi wa marasa lafiya? Wanda aka ba ajiya ba a ce ya gyara ba, cewa aka yi ya tsare.

Tunda aka rufe mini ido nake ganin gungun ƙarara, fiye da yadda na taɓa ganinsa. Ina ganin turmin Inna a ƙofar ɗaki, da gabu, dakakken lawashi, da take mulmulawa tana jerawa a kan rufi. Ina ganin Baffa, mahaifina, yana gyaran tarun kamun kifi da babban yatsan ƙafa. Ina jin yara suna faɗawa ruwa daga reshen kanya. Kaburburansu duka suna ƙarƙashin tafki, jirage masu inji suna wucewa a kansu. Babu inda zan tsaya in ce nan ne. Abu ɗaya nake da shi wanda ya sha ruwan garin nan ya ci ƙasarsa, in na yanka shi sai ɗakin girki ya koma gida.

Nafisa ta ce in sassauta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Na yafe miki, don Allah ya ce a yafe. Amma kada ki sake yi mini maganar lambu.

Altine.

Wara,
15 ga Maris, 1993.

Inna,

Ina gaishe ki da ibada, na gode wa Allah da aikin ya yi kyau. Kin hana ni maganar lambu, amma yau zan saɓa miki, ki yi haƙuri.

Na yi laifi, ban musa ba. Sai dai ki tuna, ina 'yar shekara shida na bi ki lambu da ƙaramar ƙwaryata, kika kore ni kika ce littafi ne aikina. Duk hutu in na dawo daga makarantar kwana, ƙofar darnin a ɗaure take. Kakata ta cire miki takalmi ta miƙa miki ƙwarya. Ke kin sa mini takalmi kin rufe ƙofa. Ban taɓa ganin furen albasa a gidanmu da idon wanda aka nuna wa ba. Ba don in wanke kaina na faɗa ba, don ki sani ne.

Ranar Asabar na je Tungar Magina, bayan Shanga. Na sami gidan ba wuya. Inna, bayan ɗakinta fari fat, furanni sun kai mini ƙirji, zuma sai kuka take a kai. Na tsaya ina kallonsu.

Na faɗa mata komai. Ta ce, "Duka? Har arba'in da ɗaya? Kai, ɗiyar nan akwai himma." Mijinta Baba Yohanna ya ce ta bar zolayata, yarinya tana azumi ga tafiya. Shi ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ya nuna mini gabas.

Na roƙe ta iri. Ta ce a'a. Na ce zan durƙusa. Ta ce, "Ko ki kwanta. Ke kika ɓatar, amma ba naki ba ne. Mai shi ta zo da ƙwaryarta." Na ce kin yi aikin ido. Ta ce, "To, ai yanzu ta ga hanya."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wannan takardar da na haɗo miki. Ban buɗe ba.

Taki,
Auta.

Tungar Magina,
13 ga Maris.

Yaya,

Ina gaishe ki da jiki. Allah shi ƙara sauƙi. Mu muna lafiya, ɗiya biyar, jikoki uku. Babbar ɗiyata sunanta Hauwa. Ni na rubuta da hannuna, a ajin manya na coci na koya, kada ki ɗauko jan biro.

Ɗiyarki ta zo. Yarinyar kirki ce, ki bar cin ranta. Ta yi kuka a lambuna har na ji tsoron gishiri zai kashe mini shuka.

Yaya, maganar da kika faɗa mini gidan makoki ina ɗauke da ita har yau. Ba ni na kashe Inna ba. Ke kina makaranta Yelwa kina koyarwa, ni nake tare da ita. Tun da muka sauka sabon gari ta bar cin abinci sosai. Kullum da la'asar sai ta ɗauki kujera ta zauna tana kallon tafki, tana nuna mini inda kan kanya ya nutse. Ba ta so aurena ba, gaskiya ne, ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Rana ta huɗu ta ba ni faifanta. Shi nake sheƙe iri da shi har yanzu.

Akwai kuma wadda ba ki sani ba. Shekarar fari, saba'in da uku, irinki ya ƙi fita, kin shuka sau biyu. Malam Sahabi ya zo nan a kan keke, tun daga Wara, kwana biyu. Ya ce kin bar barci, kin bar magana. Na ce masa iri ba a aika shi. Ya ce ya sani, amma ke ba za ki zo ba ko za ki mutu. Na ƙulle masa a tsumma. Ya ce zai gaya miki cikin tsohuwar tukunyar Inna ya tsinta. Allah shi jiƙan Malam, ƙaryar kirki ya yi.

To albasar da kike shukawa shekara ashirin, ta hannuna ta biyo. Ban faɗa don gori ba. Na karya al'adar Inna sau ɗaya saboda ke, na jira ko sallama, ba ta zo ba. Ba ni karyawa na biyu.

Furen zai bushe wajen bikinmu na Ista. Na ware miki fangali guda, ban yarda kowa ya taɓa ba. Tsuntsaye ba su san jira ba, ni ma na fara tsufa.

Ƙanwarki,
Dudu.

Kaduna,
28 ga Maris, 1993.

Zuwa ga Dudu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da jikoki. Mun yi salla lafiya. An ba ni tabarau, kuma wannan ce takarda ta farko da na rubuta da sabon ido. Taki na karanta da kaina. Akwai kurakurai goma sha ɗaya, ban taɓa ko ɗaya ba.

Kin ce akwai wadda ban sani ba. Na sani.

Ranar da Malam ya miƙo mini tsumman nan yana kallon gefe, tayar kekensa duk jar ƙasar hanyar Shanga, ban ma kula da keken ba. Ƙullin na kalla. Bakinsa ya kwanta hagu. Mutum ɗaya ne a duniya yake ƙulli haka, kuma ni na sha kwance shi a zanen goyo da bakin buhu tun tana ƙarama. Na ce wa Malam, "Allah ya jiƙan Inna, ashe ta yi mana ajiya." Ya ce amin. Muka zauna a kan wannan har ya koma ga Allah, shi yana zaton ya rufe ni, ni ina barinsa.

Na tsawata wa 'yata a kan amana. Shekara talatin ina tsawata wa 'ya'yan mutane a kan gaskiya da godiya. Duk wannan lokacin ina cin miya da abin hannunki, ina cewa ni ce ban bari ya mutu ba. Ya mutu a hannuna tun saba'in da uku. Auta ba ta kashe komai ba sai girman kaina.

Maganar gidan makoki. Na san kujerar da kike faɗa, ni na ɗauke ta daga bakin tafki bayan an yi jana'iza. Ƙafafunta sun yi rami a ƙasa. Na ga ramin, na san abin da ya ci Inna. Amma ruwa ba a yi masa faɗa, gwamnati ba ta jin kira, ke kuwa kina tsaye a gabana. Abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Na janye shi. A kan addini ina nan inda nake, ke ma na san kina inda kike, Allah ne mai hukunci, ba Altine ba.

Tsumman nan ban kwance shi ba. Ta ƙasa na huda na zazzage irin. Ƙullin yana nan cikin akwatina, ƙarƙashin takardun makaranta, yadda hannunki ya bar shi.

Likita zai sallame ni ranar bakwai ga watan gobe. Zan kwana biyu a gida, ranar Asabar mu taso da Auta. Ki nuna mata yadda ake yanke kan fure da yadda ake sheƙewa, tun daga farko, kada ki raga mata. Ni na hana ta koya. In ta zo da takalmi ki san abin da za ki ce mata.

Ki gaida Yohanna. Ki ce na gode da tabarmar da ya shimfiɗa wa 'yata.

Ki rufa wa fangalin gidan sauro kafin in zo. Kuma kada ki fito tarona bakin hanya, kada ki aiko kowa. Ki zauna cikin gidanki. Ni zan shigo da ƙwaryata, ni zan yi sallama.

Yayarki,
Altine.